Ranar da Tela Ya Juya Aksul

Mika'ilu Tela bai taɓa jin abu ya lalace ya ce ya fi ƙarfinsa ba. Shagonsa yana layinmu a Mpape, can sama inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa, kuma maganar gaskiya, wajen ɗinki ba shi da na biyu. In kwalar rigarka ta cinye, zai farke ta, ya juyo cikinta waje ya mayar, ka rantse daga kanti ta fito. Da a nan ya tsaya da mun huta. Amma tun ranar da ya kwance kekensa na ɗinki ya haɗa, keken ya tashi, shi ke nan ya naɗa wa kansa sarautar injiniya. Janaretan maƙwabciyarsa Madam Rita mai zoɓo da ya taɓa, har yau sai an karkata shi gefe ɗaya yake tashi.

Mai gidan da muke haya kuwa Baba James ne, ɗan asalin wurin, Gbagyi, wanda ya yi shekara talatin yana jan tifa a kwarin dutse kafin ya koma noman doya. Yana da wata tsohuwar jif, koriya, mai ƙofa a baya da benci biyu masu kallon juna. A cikinta aka haifi 'yarsa Precious, a hanyar asibiti, kuma tun kafin uwar yarinyar ta rasu ya yi mata alkawarin cewa ranar auren 'yar nan a motar zai kai ta coci, shi da kansa a kan sitiyari. Duk layin mun san alkawarin, don ba ya wata guda bai maimaita mana ba.

To, aure ranar Asabar ƙarfe goma, sai ga jif ranar Laraba ta dawo daga gona tana wani irin gurnani daga baya, wuuu-wuuu, in an ƙara wuta ta ƙara murya. Baba James ya fito ya tsaya yana kallon ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira aksul. Kafin ya gama tagumi Mika'ilu ya iso, tef a wuya, allura a baki.

"Baba, boris ne," ya ce bayan ya zare allurar. "Boris ɗin aksul ya ci."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Wani direba ne ya yi zancen a shagonsa makon da ya wuce, ya adana kalmar yana jiran ranar amfani.

Madam Rita ta leƙo daga kan teburinta. "Papa, ka kai wa Justice mana. Ba makaniki ba ne?"

Justice shi ne angon. Baba James ya kaɗa kai da ƙarfi.

"God forbid. Yaro zai auri 'yata ran Asabar, in sa shi kwanciya ƙarƙashin motana ran Laraba? Mutane za su ce na ƙara shi cikin sadaki."

"Ai ba sai an je ko'ina ba, Baba," in ji Mika'ilu, yana naɗe hannun riga. "Mota da keken ɗinki uwa ɗaya uba ɗaya. Haƙori ne ke cizon haƙori, sai mai a tsakani. Bambancin kawai, ita mota ba ta buƙatar zare. Ba ni kwana ɗaya."

Matarsa Safara'u tana bakin ƙofa tana tuyar awara. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban Yusra, ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ke dai ji da kaskonki."

Abin da ya ci Baba James shi ne rigar amarya. Mika'ilu ne ya ɗinka ta, kuma ta yi kyan da Precious ta yi ƙwalla da ta gwada. Tsohon ya ga hannun da ya iya wannan ba zai kasa noti goma sha biyu ba, ya miƙa masa makulli.

Alhamis da safe Mika'ilu ya hau acaɓa ya sayo sababbin boris, ya aro jak da sifanu wajen mai faci, ya shimfiɗa tsohon labule a ƙarƙashin mota ya kwanta. Muka taru muna kallon tafin ƙafarsa. Noti na farko da hannunsa ya kai gare shi, ashe na zubar da mai ne, shi kuma fuskarsa na daidai ƙasan ramin. Man da ya kai shekara goma a ciki ya sauko masa a gemu. Wari ya tashi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, har masu sayen awara suka ja da baya.

"Da gangan na yi," ya ce daga ƙasa, yana tofarwa. "Da ɗanɗano ake gane shekarun mai."

"Shekara nawa ka ɗanɗano?" Madam Rita ta tambaya.

Ya share gemu ya ci gaba da aiki. Ya cire farfela, dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga inji, ya zo kan sandunan da ke juya tayoyi. Ta dama ta fito salin alin. Ta hagu ta ƙi. Ya ɗaura mata igiyar shanya, ya kafa ƙafa a jikin mota, ya ce kowa ya matsa. Da ta tashi fitowa ba ta yi sallama ba, sai ga Mika'ilu zaune daɓas a cikin kwata, sandar a cinyarsa. Ya miƙe ya ce daman ƙarfe yana son a sanyaya shi.

Bayan azahar ya kwance notocin kan aksul ɗin kansa. Ba wanda ya gaya masa abin ya kai nauyin rabin buhun siminti, kuma ko an gaya masa ba zai ji ba. Muka ji wani tim, sai shiru, sai wata siririyar murya.

"Safara'u. Safara'u, ja ni."

Ita da Madam Rita suka kama ƙafa ɗaya ɗaya suka jawo shi waje, ƙarfen na zaune a ƙirjinsa, ya rungume shi da hannu biyu. Da numfashi ya dawo masa, abin da ya fara cewa shi ne ya so ya auna nauyin ne, don ba shi da sikeli.

Kwana ɗaya ya wuce, mota na tsaye a kan bulo ba tayoyin baya. Precious ta dawo daga gyaran gashi ta tsaya tana kallon kayan cikin motar ubanta a baje a kan tabarma.

"Uncle Tela, please, zai tashi kuwa?"

"Amarya, ranar Asabar sai kin roƙi Baba ya rage gudu."

Juma'a ya tashi da sabon ilimi. Ya gani a waya cewa in ana so sabon boris ya shiga ba duka, sai a sanyaya ƙarfen da zai hau, shi kuma boris ɗin a ɗumama shi a mai. Ilimin gaskiya ne, wajen aiki da shi ne aka samu tangarɗa. Ya jira Madam Rita ta tafi Utako sayen zoɓo, ya buɗe firizarta ya cusa ƙarfen a tsakiyar robobi. Ya jira Safara'u ta shiga ɗaki salla, ya jefa boris biyu cikin kaskon awara.

Boris ya shiga kuwa, sumul, ba guduma. Mika'ilu ya ɗaga shi sama yana zagaya layi da shi. Yana cikin zagayen wani lebura da ya sayi awara ya dawo da ledarsa a hannu.

"Hajiya, awarar yau gareji take yi."

Safara'u ta sunsuna kaskon, ta dubi mijinta. Kafin ta buɗe baki ihu ya tashi daga shagon Madam Rita, wadda ta dawo ta tarar da robobin zoɓo arba'in sun yi baƙi da giris.

"Mika'ilu! Wetin be this? Firiza na ne ko ɗakin ajiye gawar mota?"

"Madam, ki yi haƙuri, kimiyya ce."

"Kimiyya zai sha zoɓo arba'in?"

"Ai ƙarfe yana ƙara jini."

Ta bi shi da tsintsiya har bayan masallaci. Da ya dawo ya tarar Safara'u ta zubar da man tuya, ta zauna ta haɗe rai, sai ya lallaɓa ɗaki ya ɗauko jan bakinta, wai zai shafa wa haƙoran ƙarfen ya ga inda suke cizon juna. Ya shafe rabi, ya juya, ya duƙa yana nazari. A nan ne Shaiɗan ya zo masa da shawara. Ya lura haƙoran babban faifan da ke cikin aksul ɗin sun yi santsi suna ƙyalli ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa da sauran duhunsa.

"Baba, zo ka ga ɓarna," ya ce. "Shekara da shekaru gefe ɗaya ake ci, ɗayan na zaune sabo fil. In kwala ta cinye me nake yi mata?"

"Kana juya shi."

"To shi ke nan. Zan mayar da kan aksul ɗin nan a juye, sama ta koma ƙasa. Ka samu sabon aksul kyauta."

Baba James ya sosa ƙeya. "Tela, shekara talatin ina cikin mota, ban taɓa gani an yi haka ba."

"Shi ya sa motoci ke mutuwa da ƙuruciya a ƙasar nan."

Ƙarfen da kansa ya yi ta ba shi shawara, don ya ƙi shiga a juye. Ramukan noti biyu suka ƙi haɗuwa, bakin faifan ya toge. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi dalili, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mika'ilu ya aro zarto ya yi ta gurza har la'asar sakaliya, yana cewa ai ko wando sai an ɗan rage ƙugu. Ya ɗaure, ya zuba sabon mai, ya mayar da tayoyi. Baba James ya ce a ɗan zaga da ita a gani, sai hadari ya haɗo aka kece da ruwa.

"Bar ta ta huta, Baba. Gwaji na mai shakka ne. Ka taɓa ganin na ce ka gwada riga?"

Asabar da safe layinmu ya cika. Mata sun sha anko ruwan goro, an wanke jif an ɗaura mata balan-balan da ribon. Mika'ilu ya fito cikin farar shadda, ya tsaya jikin motar yana bayyana wa baƙi yadda ya ceto ta. Tara da minti goma aka fito da amarya, ta hau ta ƙofar baya ta zauna a benci ita da ƙawarta. Baba James cikin kwat ya zauna a mazauninsa, ya ta da inji, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya sa giya ɗaya ya saki kuloci.

Jif ta yi baya. Ba a hankali ba, da zuciya ɗaya ta yi, ta kwashe teburin Madam Rita. Babbar kular zoɓon biki ta tashi sama ta sauko a kan farar shadda.

"Baba, ribas ka sa!" Mika'ilu ya ce, ja yana ɗiga daga hularsa.

"Ni za ka koya wa giya? Ga hannuna a kan ɗaya!"

Ya gwada biyu, ta yi baya. Ya gwada uku, ta yi baya da ƙarin zafi, mata suka watse. Da ya sa ribas kuwa sai ta fara tafiya gaba, a hankali, tana ƙarar nan ta gargaɗin masu wucewa ta baya, fii, fii, fii. Wata akuya ta zo ta wuce ta. Cocin na nesa da kilomita uku a hanyar kwarin dutse, ga taɓon ruwan jiya, kuma da wannan tafiyar sai an tashi daga biki za a isa.

"Sabon haƙori ne, bai saba ba," in ji Mika'ilu. "Sa ƙaramin giya, tayoyin gaba su koya wa na baya."

Ban san abin da ya sa Baba James ya ƙara bin maganarsa ba, ruɗewa ce dai. Ya ja ƙaramin sandan da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ya sa ɗaya, ya taka. Tayoyin gaba suka nufi coci, na baya suka nufi gida. Motar ta tsaya wuri ɗaya tana tsalle tana haƙa rami, taɓo na fita ta gaba da ta baya. Masu anko da suka gudu gaba suka samu rabonsu, waɗanda suka gudu baya ma haka.

Precious ta kira ango ta saki muryar wayar kowa na ji.

"Justice, motar Daddy in an sa gaba baya yake zuwa."

"Wa ya taɓa aksul?"

Kowa ya juya ya dubi mutum ɗaya. Mika'ilu ya matso ya gyara murya, ya yi wa wayar bayanin kwala tiryan-tiryan, har da gefen da ya cinye da wanda bai cinye ba. Can sai muka ji dariyar abokan ango, su duka makanikai, har wani na tari.

"Oga Tela," Justice ya ce, "kife shi ka yi. Faifan ya koma ɗaya gefen, dole taya ta juya baya. Haƙoran nan lafiyarsu ƙalau, boris kawai ake canjawa."

"A taku makarantar ke nan."

"Awa nawa gyara?" Baba James ya katse.

"Wuni guda, Daddy. Kuma Fasto ya ce goma daidai, don sha ɗaya akwai wani auren. Ƙaramar mota ba za ta hau layinku da taɓon nan ba. Bari in turo acaɓa."

Precious ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ba komai, Daddy, zan hau acaɓa." Baba James ya kashe inji ya kifa goshi a kan sitiyari. Dariya ta ɗauke a layin. Wallahi tausayinsa ya kama mu, don mun san ba motar yake ji ba. Tara da rabi ta wuce.

Can ya ɗago ya miƙa hannu aka ba shi wayar.

"Justice, giya huɗun nan, duka yana aiki ta baya?"

"Suna aiki, Daddy, amma kada ka..."

Ya kashe wayar. Ya cire ƙaramin giya, ya ce a kawo katakai a sa a ramin. Muka tura, jif ta fito, ya juya ta a hankali har bayanta ya kalli hanya. Sannan ya leƙo ta taga.

"Tela, zo nan. Hau tayar da ke jikin ƙofar baya."

"Ni, Baba? In yi me?"

"Hon yana gaba, mu kuma baya za mu. Tun Laraba bakinka bai huta ba. Yau kai ne hon."

Mika'ilu ya waiga neman mai ceto. Safara'u ta ce, "Hau mana, Injiniya." Madam Rita ta ɗaga tsintsiya. Ya hau, ya rungume tayar ta baya, fuskarsa na kallon hanya.

Baba James ya fito da kai ta taga, ya murɗa wuya ta kafaɗar hagu, ya sa ɗaya. Kafin su kai kwanar masallaci ya sa biyu. Mu muka hau acaɓa muka bi su, don wannan ba abin da za a ba ka labari ba ne. A miƙaƙƙiyar hanyar kwari tsohon ya sa uku. Jif na gudu da baya, balan-balan na fashewa, amarya da ƙawarta sun ƙanƙame benci suna kiran Yesu, a can ƙarshe kuma wani mutum ja sharkaf yana ihu.

"A ba da hanya! Don girman Allah a ba da hanya! Mai lemo, kauce! Innalillahi! Baba, tifa! Tifa!"

Direban tifar ya taka birki ya leƙo baki buɗe. Baba James ya ratsa tsakaninsa da kwata, tazarar ba ta kai tafin hannu ba, bai ko rage wuta ba. Masu shaguna suka fito, 'yan acaɓa suka ƙaru a bayanmu, kowa waya a sama. Duk ramin da aka faɗa sai hon ɗin ya canja murya, har ya koma salati zalla.

Goma saura minti uku jif ta shiga harabar coci da baya, ta tsaya cak, ƙofarta daidai matakala. Aka zo buɗewa aka tarar hannun Mika'ilu ya ƙi sakin taya, sai aka buɗe ƙofar da shi a jiki, ya tafi gefe ya manne da bango. Precious ta sauko kan siminti, ko ɗigon taɓo babu a rigarta. Daga bayan ƙofa wata dusasshiyar murya ta fito.

"Ku faɗi gaskiya, wace amarya aka taɓa saukewa daidai..."

Madam Rita ta ƙara tura ƙofar, maganar ta tsaya a nan.

Baba James ya fito ya gyara kwat, ya zo zai juyo da kansa, wuya ya ce bai san zancen ba. Ya ƙage a inda ya yi kilomita uku, haɓa a kan kafaɗar hagu. Ga kiɗa ya tashi, ba lokacin tausa. Precious ta saƙala hannunta a nasa suka shiga, jikinsa na tafiya gaba, fuskarsa na kallon baya, ita ce ke jan sa tana raɗa masa.

"Miƙe, Daddy. Dama kaɗan. Akwai step."

Mu Musulmin layi muka tsaya daga bakin ƙofa muna leƙe. Uban amarya in ya isa gaban Fasto baya yake ba jama'a, abin da fuskarsa ta yi tsakaninsa da Allah ne. Baba James bai samu wannan sutura ba. Da Fasto ya tambaya wa ke ba da wannan yarinya, ya amsa da "Ni ne" yana kallon coci guda, kuma coci guda na kallon hawaye na bin kumatunsa har cikin kwala. Mutumin da ko ranar da aka binne matarsa ba wanda ya ga ƙwallarsa. Ya ga mun gani, ya kai hannu ya share, wasu suka zubo.

"Wuya ne," ya ce da ƙarfi, har na bayan coci suka ji. "Wuya ne yake mini ciwo. Tela ne ya ja mini."

Ba wanda ya ƙaryata shi. Precious ta saki hannun angonta ta zagayo ta inda fuskar ubanta take, ta goge masa ido da gefen mayafinta.